Yadda Ake Gyara Firam ɗin Tsohon Katamaran Ya Daina Lilo

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga masu karatu ita ce: na sayi tsohon katamaran (jirgin ruwa mai kwami biyu) da araha, a kan tudu lafiyarsa lau, amma da ya shiga ruwa sai kwami ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, firam yana ƙara, me zan yi? Amsar tana da tsawo, shi ya sa na ware mata wannan rubutu.

Zan yi bayanin a kan Hobie 16, jirgin da Hobie Alter na Kalifoniya ya fitar a 1970, domin shi ne ya fi yawa a duniya cikin irinsa, kuma shi ake gani a wuraren tsere har da Legas. Tsawonsa mita 5.05, faɗinsa mita 2.41, nauyinsa kilo 145. Mai Hobie 14 ma zai iya bin wannan jeri, ginin nasu kusan ɗaya ne.

Ga yadda aka haɗa shi. Kwamaye biyu na faiba, kowanne da dirka biyu na alminiyam da suka fito daga cikinsa suka tsaya. A kan kowace dirka akwai hular kusurwa ta zubin alminiyam, an ɗaure ta da bol guda. Ƙarfen gaba da ƙarfen baya sun shiga cikin hulunan an kafe su da ribit, ƙarafan gefe biyu suka cike murabba'in, sannan aka ɗame tamfol a tsakiya. Duk lilon da kake ji daga waɗannan mahaɗai yake fitowa. Maganinsa na ƙarshe gam ne, amma gam shi ne aiki na kusa da ƙarshe. Duk halin da ya tarar da jirgi, a karkace ko a miƙe, a nan zai daskarar da shi.

Kayan aiki da inda kuɗin zai tafi

Injin huda da baki mai milimita 4.8, injin jan ribit mai dogayen hannuwa biyu, sifanoni, gudumar roba, magagari, samfefa lamba 80, tef ɗin awo dogo, belet biyu irin na ɗaure kaya a mota, salatif na takarda, sirinji manya, asiton, safar hannu, giris, da katakai miƙaƙƙu guda biyu da tsawonsu ya wuce faɗin jirgin.

Abin da zai ci kuɗi uku ne. Na farko gam ɗin efoksi na jiragen ruwa. Ƙaramin haɗin West System mai kilo 1.2 zai ishe ka dirka huɗu har ya yi saura, sai garin da ake kauraɗa shi da shi, lamba 404 ko 406. Na biyu ribit na monel (gaurayen ƙarfe mai jure ruwan gishiri) ko na sitenles, wato ƙarfe marar tsatsa. Na uku igiyar ɗinkin tamfol, ko sabon tamfol gaba ɗaya idan tsohon ya mutu, wanda shi kaɗai yana iya fin sauran kayan tsada. Duka kayan waje ne, farashinsu dala yake bi, saboda haka kada ka sayi komai sai ka gama mataki na 1 da na 2 ka san ko jirgin ya cancanci a kashe masa. Kuma ka nemi abokan aiki biyu. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki, musamman ranar gam.

1. Gwaji tun jirgi na haɗe

Sauke doguwar sandar filafili, ka ajiye jirgin a daɓe mai lebur. Kama hancin kwami ɗaya ka ɗaga a hankali, idonka yana kan ɗaya hancin. Jirgi mai ƙarfi, da ka ɗaga kaɗan ɗan'uwan zai biyo. Wanda ya saki, sai ka kai hancin har gwiwarka ɗayan yana kwance bai motsa ba. Auna tazarar da ka ɗaga kafin ya biyo ka rubuta, da ita za ka gane ko aikinka ya yi amfani.

Yanzu ka sa wani ya riƙa ɗagawa yana saukewa, kai kuma ka zagaya kusurwa huɗun kana ɗora yatsa a kan kowace mahaɗa. Yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani. Wurare uku za ka taɓa a kowace kusurwa: tsakanin hula da dirka, tsakanin hula da ƙarfen da ya shige ta, da gindin dirka inda ta fito daga kwami. Duk inda ya motsa ka yi masa alama. Ribit ɗin da ya saki yana da shaida: baƙin zobe a kewayen kansa, garin alminiyam ne da ya goge.

2. Duba kwamin kafin ka taɓa firam

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake yanke hukunci. Jikin kwamin faiba ne ciki da waje, da soso mai tauri a tsakiya. Da shekaru sukan rabu. Danna saman kwami da tafin hannu tun daga hanci har baya, ka fi ba da ƙarfi a gaban dirkar gaba, inda ake yawan takawa kuma inda wayoyin gaba suke jan hanci. Idan ya lotsa ko ya yi ƙaras-ƙaras, ya rabu. Ƙwanƙwasa da gindin sukudireba, wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ya rabu kuma sai ka ji dum-dum. Zagaye wurin da fensir.

Idan laushin bai wuce faɗin faranti ko tire ba, ana gyarawa. Idan ya bi tun daga dirka har hanci, ko ya sauka gefen kwami, shawarata ka nemi wani kwamin. Ƙarfafa firam a kan irin wannan kwami haɗari ne, domin nauyin da firam yake shanyewa da lilonsa yanzu zai sauka kai tsaye a kan wurin da ya ruɓe, kuma hancin yana iya karyewa a tsakiyar ruwa.

3. Wargaza firam

Ɗauki hoton kowace kusurwa da ɗinkin tamfol. Rubuta a kan kowace hula da kowane ƙarfe: gaba dama, gaba hagu, haka har ƙarshe. Kwance tamfol, sassauta notin rodin da ya bi ta ƙarƙashin ƙarfen gaba, sannan ka cire bol huɗu na dirkoki. Buga hulunan daga ƙasa da gudumar roba, kaɗan a nan kaɗan a can, firam ya taso baki ɗaya.

Gargaɗi: kada ka sa gudumar ƙarfe a kan hula. Zubin alminiyam ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Idan hula ta kafe saboda gishiri, zuba ruwan zafi da man kwance noti, ka bar ta ta kwana, ka dawo gobe. Idan sai an buga da ƙarfi, sa guntun katako a tsakani.

Da firam ya sauka, kama kan kowace dirka ka jijjiga gaba da baya, hagu da dama. Bai kamata ta motsa ko kaɗan ba. Idan ta motsa, gindinta ya ɓalle daga mazauninsa a cikin kwami. Gyaransa sai an yanka ƙofar dubawa mai faɗin kamar santimita 12 a saman kwami bayan dirkar, a goge wurin, a busar, a naɗe gindin da ƙyallen faiba da efoksi, sannan a sa murfi mai zare. Ka shafe bakin yankan da gam don kada ruwa ya shiga soson.

4. Cike wurin da ya yi laushi

Buɗe magudanar baya, ka bar kwamin a rana ya bushe sarai. Efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen soso. Rufe wurin da ka zagaye da salatif, sannan ka huda ƙananan ramuka daidai bakin sirinji, tazarar santimita 4 zuwa 5 tsakaninsu.

Hattara a nan: fatar sama da soso kawai za ka huda. Naɗa salatif a bakin hudar ya zama iyaka, ko ka juya bakin da yatsu idan ka wuce fatar sama. In ka ɓula fatar ciki, duk gam ɗin da ka tura cikin kwami zai zube, ka ƙara wa jirgi nauyi a banza.

Dama efoksi ba tare da gari ba, ka tura ta rami ɗaya har ya leƙo ta na kusa, ka toshe wannan da salatif ka matsa gaba. Danna wurin a hankali iska ta fita. Kada ka ɗora abu mai nauyi a kai, zai daskare a lotse. Kwana ɗaya ko biyu sai ka ɓare salatif ka sake ƙwanƙwasawa.

5. Ƙarfen gaba, rodi, da ribit

Ƙarfen gaba shi ne yake ɗauke da doguwar sanda mai mita 8 da duk ƙarfin da wayoyi suke danna ta da shi. Abin da yake hana shi karyewa shi ne guntuwar ƙafa da ta sauka daga ƙarƙashin mazaunin sanda, da rodin da ya tallafe ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Wanke ƙarfen ka duba kewayen ramin da ƙafar ta ratsa, sama da ƙasa, da fitila ko da rana ce. Tsaga siririya kamar gashi ma tsaga ce.

Idan ka same ta, canja ƙarfen. Na san mai walda yana kusa kuma zai ce aikin minti goma ne. Irin wannan alminiyam da zafi aka ba shi ƙarfinsa tun a masana'anta, walda kuwa tana kashe ƙarfin a daidai wurin da aka fi bukatarsa. Ƙarfen gaba na wani mataccen jirgi da bai tsage ba ya fi wanda aka yi wa walda, nesa ba kusa ba.

Sai ribit. Duk wanda ya saki, huda kansa kawai da bakin 4.8 har kan ya ɓalle, sannan ka tura sauran ciki da ƙusa. Kada ka bi shi da injin har ƙasa, ramin zai faɗaɗa. Zare hular daga ƙarfen, ka kankare farin garin da gishiri ya tara, ka goge ciki da waje. Tunda ka riga ka buɗe, nan ma shafa efoksi mai kauri kafin ka mayar, sannan ka ja sababbin ribit tun gam yana ɗanye. Amma ka fara gwada komai a kan dirkoki babu gam, ka tabbata kusurwar da hular ta zauna daidai ce.

Ramin da ya zama kamar ƙwai ba zai riƙe ribit na 4.8 ba. Faɗaɗa shi zuwa 6.4 ka sa babba. Kuskuren da na fi gani shi ne sayen ribit na alminiyam irin na masu tagogi, saboda arha kuma ƙaramin inji yana jansa. Ba ya kai ko'ina, igiyar ruwa kaɗan za ta yanke shi. Kuma duk inda sitenles ko monel zai taɓa alminiyam, shafa Duralac ko Tef-Gel, domin ƙarfe biyu daban a ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyam ne ake ci.

6. Saita jirgi babu gam

Nan ne aikin yake, ka ba shi yini guda kada ka yi gaggawa.

Mayar da firam kan dirkoki, da ƙarafan gefe a wurinsu, ka zura bol ba tare da ɗaurewa ba. Ka tuna ƙarafan gefe ba sa shiga bayan huluna sun zauna. Wanda ya manta da su ya sa gam, ya ja wa kansa babban aiki.

Ɗora kwamayen a kan katako ko tayu, ka saita su har kowanne ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Gitta katako ɗaya a kan hantuna biyu, ɗaya a can baya, ka koma nesa ka durƙusa ka hango su. Idan layukansu sun kwanta a kan juna, babu murɗiya. Idan ɗaya ya karkata, cusa ɓawon katako a ƙarƙashin kwamin da ya yi ƙasa har su daidaita.

Sai awo. Zaɓi wuri tabbatacce: bol ɗin da yake riƙe wayar hanci a gaba, da ƙusar da allon tuƙi yake juyawa a kanta a baya. Auna daga hancin dama zuwa bayan hagu, sannan daga hancin hagu zuwa bayan dama. Awon biyu su zo ɗaya. Idan ɗaya ya fi tsawo, ɗaura belet ta wannan gicciyen ka ja a hankali kana sake awo, har bambancin ya koma ƙasa da milimita 6. In ka iya kawo shi 2 ko 3, ya fi. Bar belet ɗin a ɗaure, ka yi wa ƙasa alama da alli a kewayen kowane abin tallafi, ka rubuta awon a bango inda kowa zai gani. Gobe hannuwanka za su kasance cikin gam, ba lokacin neman takarda.

7. Zaɓi: gam ko cusa

Kafin ka dama komai ka tambayi kanka ko za ka taɓa bukatar wargaza jirgin nan, don ajiya ko don ɗauka zuwa wani gari. Firam ɗin da aka yi wa gam ba ya fita sai da zafi mai yawa da wahala, wani lokaci da asarar hula.

Idan kana so ya riƙa kwancewa, yanka gwangwanin lemo na alminiyam ka yi siraran falle, ka naɗa a kan dirka har hular ta shiga da ƙyar da bugun gudumar roba. Kusan kyauta ne, yana rage lilo sosai, sai dai yakan saki a sake. Akwai kuma hanya ta tsakiya: a shafe cikin hula da kakin hana mannewa, a sa gam a dirka kawai, ya cike giɓin ba tare da ya kama hular ba. Ni dai ga jirgin da zai zauna a bakin ruwa ɗaya, gam sosai nake zaɓa, domin shi ne yake daɗewa.

8. Ranar gam

Fara da sassafe, a inuwa. Zafi yana gaggauta efoksi ƙwarai. Mahaɗin West System lamba 206, wato sinadarin da yake sa gam ya daskare, wanda ake zuba kashi 1 nasa a kan kashi 5 na ruwan gam lamba 105, yana ba da kamar minti 20 zuwa 25 a kofi idan zafi yana digiri 22. A digiri 32 da wuya ka sami rabin haka. A ƙasa mai zafi ka nemi lamba 209, wanda ake zuba kashi 1 nasa a kan kashi 3 na ruwan gam, ya fi ba da sarari. Kada ka rage mahaɗi don ka ja lokaci, gam ɗin ba zai taɓa bushewa daidai ba. Kuma ka riƙa damawa kaɗan-kaɗan a faffaɗan kwano, domin idan ya taru a kofi mai zurfi yana ɗaukar zafi da kansa har ya yi hayaƙi.

Ɗaga firam. Goge kan dirkoki da cikin huluna da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka share da asiton. Kada a wuce awa ɗaya ko biyu tsakanin guga da gam, alminiyam yana saurin yin sabuwar fata wadda gam ba ya kamawa da kyau. Shafe bol huɗun da giris don su fita wata rana. Rufe saman kwami a kewayen dirka da leda.

Gargaɗi mai muhimmanci: leƙa cikin dirkar gaba, za ka ga toshiyar soso da siririn bututu a jikinta. Ta nan kwami yake numfashi. Idan gam ya toshe shi, iskar ciki za ta kumbura da rana ta tsuke a ruwan sanyi, har ta buɗe ɗinkin kwamin ko ta riƙa zuƙo ruwa. Kada gam ya kai bakinsa, kuma kada ka cika saman hular har iska ta rasa hanyar fita.

Fara shafa gam tsararo a dirka da cikin hula, ka ɗan cuɗa shi da samfefa ya shiga ƙarfen. Sannan ka zuba gari a sauran ka dama har ya yi kaurin tunkuza, wanda ba ya zuba daga cokali, ka shafa a gefunan dirka. Ku ukun ku sauke firam a kan dirka huɗu lokaci guda, a buga ya zauna, a zura bol.

Ɗaure noti har ya kama kawai. Masu ƙoƙarin kashe lilo da ƙarfin sifana su ne suke fasa huluna, yanzu kuwa gam ne zai riƙe.

Nan take koma kan awo: gicciye biyu, katakai biyu, alamun alli. Gyara da belet tun gam bai fara kamawa ba. Kwashe wanda ya tsatso da guntun katako. Wanda ya taɓa fata a wanke shi da sabulu da ruwa, ban da asiton. Daga nan a bar jirgin, kada a zauna a kai, kada a jingina, kada yara su hau. Kwana biyu kafin a kwance belet, mako guda kafin ya shiga ruwa idan da lamba 209 ka yi.

9. Rodi da tamfol

Ɗaure notin rodi biyu daidai wa daida, zagaye ɗaya a dama, ɗaya a hagu, har rodin ya daina motsi idan ka kama shi da hannu ka girgiza. Kada ka wuce nan da yawa, zai tura ƙarfen gaba sama ya ja kwamayen ya ɓata saitin da ka sha wahala a kai. Kada kuma ka taɓa fita da shi a sake.

Tamfol shi ma ɓangaren firam ne, yawancin mutane ba su ɗauke shi haka ba. Sa sabuwar igiya wadda ba ta miƙewa. Ɗinka tsakiya daga gaba zuwa baya, sannan bayan, ka bi rami-rami kana ja da guntun sanda da ka naɗe igiyar a kai, abokin aikinka yana danne abin da ka samu kada ya koma. Ka zagaya sau biyu ko uku. Idan ka ga ɓangarorin biyu sun haɗe a tsakiya amma har yanzu tamfol yana lotsawa, ya gama miƙewa, sai sabo. Bayan fita biyu ko uku za ka tarar ya ɗan saki, ka sake ja.

10. Gwajin ƙarshe

Maimaita ɗaga hanci ka kwatanta da abin da ka rubuta ranar farko. Sannan ka gwada yoyo: shafa ruwan sabulu a gindin dirkoki da ɗinkin kwami da ƙofar da ka yanka, wani ya hura iska da baki ta magudanar baya, kai kana neman kumfa. Ban da injin bayar da iska na masu faci, ƙarfinsa yana iya fasa kwami.

Lokacin tsayar da doguwar sanda, ɗaga kai ka duba wayar lantarki tukuna, sandar alminiyam ce kuma ta kashe mutane a haka. Fitar farko ka yi ta a iska mai sauƙi, kusa da gaɓa, da rigar ceto. Da ka dawo, bi kusurwa huɗun da yatsa kamar yadda ka yi a mataki na 1, ka duba notin rodi, ka buɗe magudana ka ga yawan ruwan da ya fito, sannan ka wanke firam ɗin da ruwan daɗi kafin gishiri ya bushe a kansa.